Gargaɗi Ga Fatake Da Malamai A Kan Madarar Sukudaye

 Maganar yau a kan wani ruwa ce wanda ido ba ya rarrabe shi da ruwan rijiya da aka tace, alhali kuwa cikin murfin kwalba guda nasa yana iya raba saurayi da ransa. Samari suna kiransa madarar sukudaye. Sunan kalmomin Turanci ne aka Hausantar, ma'anarsu kuwa ita ce a zuƙa a mutu. Wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba.

Garin Lambara yana ƙasar Shagari, a bakin babbar hanyar da ta fito daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga, ta nufi Tambuwal da Jega har Yawuri. Mutanen irin wannan gari sun fi kowa sanin cewa kayan da ke tafiya tsakanin manyan kasuwanni ta ƙofar gidansu yake wucewa. Mota takan tsaya a sauke buhu, a ɗora jarka, direba ya sha ruwa, yaron mota ya kwana a kan kaya. Tsakanin buhunan gero da albasa da wake akwai durorin ƙarfe da jarkokin roba waɗanda ba mai tambayar abin da ke cikinsu, domin rubutun jikinsu da Turanci yake, wani lokaci ma an kankare shi. Saboda haka wannan magana ta shafi ɗan kasuwar Lambara kamar yadda ta shafi na Kano, ko ma fiye, tun da asibitin da zai iya da irin wannan guba ya fi nisa da shi.

Amma sunansa na asali, masana haɗa magunguna suna ce masa metilin kuloraid, da wannan suna kuma hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, watau NDLEA, take ambaton abin da take kamawa a cikin kwalaben sukudaye. Wani masani Bafaranshe mai suna Regnault ya fara haɗa shi a shekarar 1839. Yana cikin dangin ruwayen da ake haɗawa da kulorin, sinadarin nan da ake zuba kaɗan daga cikinsa a ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. Aikin wannan dangi shi ne narkarwa: suna narkar da maiƙo, da fenti, da ƙaro, da roba, abubuwan da ruwa da sabulu ba su iya wa kome. Ba a dafa shi a bayan gida kamar burkutu, ba a kuma tatso shi daga itace. Duk ɗigon da aka gani a hannun yaro daga duron masana'anta ya fito, ta hannun wani mai saye da sayarwa ya biyo. Mai karatu ya riƙe wannan, gama a kansa maganar za ta tsaya.

Amma siffofinsa, guda uku ne ya wajaba ɗan kasuwa ya sani. Ta fari, nauyi. Ya fi ruwa nauyi da kamar sulusi, ba ya kuma garwaya da shi, in an ɗiga shi a ƙwarya sai ya nutse ƙasa ya dunƙule, ba kamar fetur da kananzir masu tasowa sama ba. Jarka mai cin lita 25 in an cika ta da ruwa nauyinta kilo 25 ne, in fetur ne ba ta kai kilo 20 ba, in kuwa wannan ne sai ta kai kilo 33. Ɗan dako da ya ɗaga jarka ya ji ta fi ta ruwa nauyi, lalle ya tsaya ya yi tambaya. Ta biyu, saurin tafasa. Ruwa ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 100, shi kuwa yana tafasa a digiri 40. Kowa ya san cewa a ƙasar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan kai 40 har ya wuce. Watau a bazarar Lambara wannan ruwa yana iya tafasa a cikin duronsa ba tare da an hura masa wuta ba, duro ya kumbura, wanda ya kwance murfi ya sha feshi a fuska da idanu. Ta uku, nauyin tururinsa. Tururin ya fi iska nauyi kusan sau uku, saboda haka ba ya tashi sama ya fita ta taga kamar hayaƙin girki. Ƙasa yake kwanciya, ya cika rami da rijiya da ƙasan shago, daidai inda mai barci a tabarma yake ajiye kansa.

Yana da ɗan'uwa wanda ake kira etilin daikuloraid, wanda masana na ƙasar Holan suka fara haɗawa a 1794. Su biyun farare ne garau, ƙanshinsu ɗaya mai ɗan zaƙi, nauyinsu kusan ɗaya, in an zuba su a kwalabe biyu marasa suna ko gwani ba zai rarrabe su da ido ba. Bambancinsu a wajen wuta yake. Na farkon ba ya saurin kamawa a fili, sai tururinsa ya taru ƙwarai a rufaffen wuri. Na biyun kuwa tururinsa yana kama wuta tun zafin gari yana digiri 13, watau ko da asubahin tsakiyar hunturu tartsatsi guda ya ishe shi. Da yake tururin a ƙasa yake tafiya, yana iya rarrafawa daga bakin jarka har zuwa murhun mai shayi, wutar ta biyo sawunsa ta komo kan jarkar. Wanda ya saba da na farko har ya raina shi, ran da aka kawo masa na biyu a cikin irin jarkar nan sai ya yi gobara. Kama da wane ba ta wane.

Amma amfaninsu, ba mai musun yana da yawa, kuma adalci ne a faɗe shi. Katifar soso da ake kai amarya da ita, a wajen yin ta ana zuba metilin kuloraid a cikin haɗin, zafin haɗin ya mai da shi tururi, tururin ya kumbura soson ya yi laushi. Da can wani sinadari dabam ake zubawa, sai aka gane yana ɓata rufin sararin sama mai tare zafin rana, ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Montreal a 1987 a kan a bar shi, masana'antun katifa da yawa na Nijeriya suka koma ga wannan. Ana kuma cire tsohon fenti da shi, ana wanke maiƙon ƙarfe, ana liƙa robar allunan talla, ana aiki da shi a wajen haɗa magungunan asibiti. Shi kuwa etilin daikuloraid, mafi yawansa ana mai da shi robar da ake yin fayif, irin wanda manoman fadama suke jan ruwa da shi zuwa ga albasa da tumatir. A da ana garwaya shi da fetur mai darma, har aka daina sayar da irin wannan fetur a ƙasashen Afirka na kudu da hamada a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. An taɓa turara hatsi da shi don kashe ƙwari, daga baya ƙasashe da yawa suka hana, aka sa shi cikin jerin magungunan ƙwari masu haɗari na yarjejeniyar Rotterdam, waɗanda ba a kai wa wata ƙasa sai da saninta da yardarta. Duk wannan amfani a cikin masana'anta yake, inda akwai injin jan iska da ma'aunin tururi da ma'aikacin da aka koya wa aikin. Ba ko ɗaya daga ciki da ake yi da cikin murfin kwalba.

Amma illarsa ga jiki, ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Idan mutum ya shaƙi tururin metilin kuloraid, nan da nan yakan ratsa huhu ya shiga jini ya hau ƙwaƙwalwa. Sai jiri, da ciwon kai, da nauyin harshe, da tangaɗi irin na mashayi, wannan ne abin da yaran suke saye da kuɗinsu. Tsakanin wannan maye da suma tazara kaɗan ce, tsakanin suma da tsayawar numfashi kuma ba wata tazara. Sa'an nan akwai illa ta biyu a ɓoye, wadda wani likita a Amurka mai suna Richard Stewart ya bayyana a 1972: hanta takan juya wannan sinadari ya zama irin gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta da garwashi, wadda ke kashe mutanen gida suna barci in an rufe ƙofa. Gubar takan kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da rai ke bukata, kuma tana ci gaba da ƙaruwa a jiki sa'o'i bayan mutum ya bar wurin. Don haka wanda ya farfaɗo ya ce ya warke bai tsira ba tukuna. Illa ta uku a zuciya take. Tururin yakan sa zuciya ta zama mai saurin rikicewa, har in mai shaƙa ya firgita, ko aka daka masa tsawa, ko aka bi shi da gudu, sai bugunta ya ɓaci ya faɗi matacce nan take, ko da ranar ce ya fara. In ya zuba a fata ya daɗe yakan ƙone ta, yana kuma ratsa safar hannu ta roba irin ta asibiti. Wanda ya daɗe yana aiki da shi yana cikin haɗarin ciwon hanta, kuma a 2014 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan ciwo. Ɗan'uwansa kuwa ya fi shi ɓarna ga hanta da ƙoda.

Kada wani ya dogara ga hancinsa. Dokar ma'aikata ta Amurka tun 1997 ta ƙayyade cewa kada tururin ya wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar wurin aiki a yinin sa'a takwas, hanci kuwa ba ya jin ƙanshinsa sai ya ninka wannan sau da yawa. Wanda ya ji ƙanshi ya riga ya wuce iyaka.

Akwai kuma haɗarin da ya haɗa su biyun a wajen wuta, wanda ya fi ƙuna muni. Duk ruwan da ke da kulorin irin wannan, in tururinsa ya taɓa harshen wuta, ko garwashi, ko bakin sigari, ko ƙarfen walda, yakan rikiɗa ya fid da hayaƙi mai cin huhu, a cikinsa har da fosjin, iskar gubar da aka yi yaƙi da ita a Turai tun daga 1915 a Yaƙin Duniya na Farko. Sharrin fosjin shi ne jinkiri: mutum ya shaƙa, ya yi ɗan tari, ya tafi gida lafiya, cikin dare ko kashegari huhunsa ya cika da ruwa. Mai walda da aka kawo wa tsohon duro ya yanka a yi murhu ko kwatarniya, da almajirin da ya tsinci kwalba a juji ya tuttula sauran abin da ke ciki a wutar karatun dare don ta kama da sauri, duk suna bakin wannan rami.

Wasu ƙasashen da ke yin wannan sinadari sun ɗanɗana kafin su yi doka. Tarayyar Turai ta yanke shawara a 2009 ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai ɗauke da shi. Amurka ta yi haka a 2019, sa'an nan a 2024 ta hana mafi yawan ayyukan da ake yi da shi, hukumar kare muhallinta ta ce aƙalla mutum 88 ya kashe tun daga 1980, yawancinsu ma'aikata ne masu gyaran gidaje a ɗakuna marasa iska. Waɗannan mutane ne masu karanta rubutun jikin gwangwani da harshensu. A Nijeriya kuwa, binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a shekarar da ta gabace shi, kamar miliyan 3 daga cikinsu a jihohin arewa maso yamma, kuma kimanin 300,000 a ƙasar duka masu shaƙe-shaƙe ne irin na sholisho da makamantansa. A farkon 2025 hukumar NDLEA ta yi shela ga iyaye a kan sukudaye da sholisho bayan kamun da ta yi a Kano.

To, ina laifin yake? Jama'a sun saba ɗora shi duka a kan yaron da ke tangaɗi a bakin tasha. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin shigo da sinadaran masana'antu, kuma duro yakan iso da sunansa da alamar haɗarinsa a jiki. Ɓarnar tana farawa ne ran da aka fasa duro aka juye a jarkoki, aka juye jarka a kwalaben lemo da na ruwan sha, a kowane juyi suna yana ɓacewa, riba tana ƙaruwa. Kwalbar da ta iso hannun yaro ba ta faɗin ko metilin ne, ko etilin ne, ko garwaye ne da wani abu, likitan da za a kai masa shi ma ba zai sani ba. Mai mazurari a hannu shi ne ya mai da kayan sana'a guba.

In wani ya ce, ai wuƙa ma ana sayarwa, ba a kuwa kama maƙeri don an yi yanka da ita, sai a ce masa: mai sayen wuƙa yana ganin kaifinta, mai sayen wannan ruwa kuwa an ɓoye masa kaifin. Sa'an nan mai masana'antar katifa da duro yake saye, da takarda, da rana tsaka. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya zo bayan magariba da canji a hannu yana neman cikin murfi, ba wanda zai rantse cewa katifa za shi yi. In kuma wani ya ce, ko ya bari wani zai sayar, sai a ce masa: wannan ita ce hujjar mai tauye mudu, ba a kuwa taɓa karɓarta a kasuwar ƙasar nan ba. Tun zamanin da Shehu Usmanu yake zaune a Sifawa, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga, an san cewa duba mudu da hana algus aikin hukuma ne da shugabannin kasuwa. Sayar da abu a ɓoye aibinsa algus ne, balle aibin da ke kisa.

Abin da ya kamata fatake su yi ba shi da tsada. Kada a sayar da irin wannan ruwa sai a cikin mazubinsa na asali, ga mai sana'ar da aka sani, a rubuta sunansa da yawan abin da ya saya. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tireda su sa wannan ya zama sharaɗin zama a kasuwa, gama ma'aikacin hukuma ba ya iya tsare kowace rumfa, amma maƙwabcin rumfa ya san abin da ake aunawa a gefensa. Kowane duro da jarka a rubuta masa suna da kalmar guba da Hausa, da boko da ajami, tun da 'yan dako da yaran mota da yawa sun fi saurin karanta ajami, a kuma koya musu alamun nan biyu na jikin duro, harshen wuta da ƙoƙon kan mutum. A ajiye shi a inuwa mai iska, nesa da murhu da fitila da janareta, ba a ɗakin da ake kwana ba, ba kusa da hatsi ba. Direba ya tambayi abin da aka ɗora masa, kada ya bar yaronsa ya kwana a ƙarƙashin tamfol tare da jarkoki. Duron da ya ƙare kada a zuba masa ruwan sha, kada a kai shi wurin mai walda. Sauran da ya rage kada a zubar kusa da rijiya, domin yana nutsewa cikin ƙasa ya ɓata ruwa shekara da shekaru.

Malamai kuma nasu rabon babba ne, gama almajirai ne ke wanke jarkoki a kasuwa, su ke tsintar kwalabe, su ke ɗaukar kaya. Malam ya gaya musu da bakinsa cewa kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba, ba a sansana ta, ba a ɗanɗana ta, ba a kusantar da ita ga wuta. Yaron da aka samu ya riga ya faɗa shaƙa, majinyaci ne. Kada a bi shi da gudu ko a rufe shi da duka yana cikin maye, saboda abin da aka faɗa a kan zuciya. A lallaɓa a raba shi da kwalbar, a zaunar da shi a iska, in ya natsu a nema masa magani. Asibitin gwamnatin tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke Kware yana karɓar masu irin wannan lalura, ya kuwa fi mari da sasari amfani.

In tsautsayi ya auku, ga abin yi. Wanda ya faɗi a ɗaki ko shago, a buɗe ƙofofi a jawo shi waje da sauri, in kuwa rami ne ko tanki kada mai ceto ya faɗa ciki haka kawai, gama sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa da sabulu, ido kuwa a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta har minti 15. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin amai yana tura gubar cikin huhu, maiƙo kuma yana taimaka mata shiga jini. A kwantar da shi a gefensa, a kai shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar, ko da ya ce ya ji sauƙi, in abin ya yi tsanani a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In wuta ce ƙarama a rufe ta da yashi, mutane su tsaya ta inda iska ke fitowa, wanda ya shaƙi hayaƙin kuma likita ya duba shi a ranar.

Ribar kwalba guda ba ta kai kuɗin likkafani ba, yaron da ya saya kuwa ɗan wani ne a garin, wata rana ma ɗan mai rumfar. Allah ya tsare 'ya'yan jama'a, ya sa albarka a cikin kasuwa.